Angon Dutsen Guga

A danginmu kaf babu wanda Allah ya hore wa sanin tufafi kamar Sitati, kuma babu wanda ya rage wa sanin fuska kamarsa. Ɗan kawunmu ne, sana'arsa wanki da guga. Mu taubasansa ne muka laƙa masa wannan suna tun yana saurayi, don yana tafiya a sanƙare kamar rigar da aka ɗura wa sitati aka manta da ita a rana. Sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Yau ko matarsa sai ta yi ɗan tunani kafin ta tuno ainihin sunansa.

Idan ka kai masa wanki, kada ka wahalar da kanka da gaya masa ko kai wane ne, ba zai riƙe ba. Amma ka dawo bayan shekara ka ce kai ne mai shuɗiyar rigar nan da biro ya fashe a aljihunta na hagu, nan take zai washe baki ya tambaye ka iyali, har ya tuna maka cewa maɓallinta na biyu ba ɗan'uwan sauran ba ne. Ranar da surukinsa ya ɗinka sabuwar kwat ya zo shago, Sitati ya dube shi sama da ƙasa, ya ce masa ya ɗan zauna a benci, akwai mutane a gabansa. An ce ma ranar aurensa, da amarya ta sake kaya, sai da aka nuna masa ita da yatsa. Shi yana musun wannan, amma shaidu suna nan da ransu.

A wajen aiki kuwa ba a ja da shi. Shagon ɗaki ɗaya ne a gaban gidansa, da faffaɗan tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo da farin ƙyalle, da kwanon ruwan yayyafi, da buhun gawayi a lungu. Bai yarda da dutsen lantarki ba, wai ba shi da nauyin da zai sa riga ta ji magana. Dutsen gawayi yake riƙewa, ya kai shi kusa da kumatu ya ji zafinsa, ya san na siliki, ya san na kaki. Karin da yake fitar wa wando kuwa, wani direba ya rantse da shi ya taɓa yanka lemo a hanya.

Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri. Yayar babansa ce ta ɗauke shi, ita ce Gwaggo, kuma duk dangi muka ari bakinsa muna kiranta haka. Ta goya shi har ƙafafunsa suna jan ƙasa, don tun yana yaro ba ya son abin da zai ɓata masa tafin ƙafa. Da ya yi gida, ɗakin da ya fi kowanne iska ya ba ta, wanda tagarsa ke kallon ɗan filin shanya da ke bayan shagon. Idonta ya yi rauni, gwiwoyi sun gaji, amma kunne yana nan garau. Tana jin faɗuwar allura a gidan maƙwabta, har ta gaya maka ta wace ce. Abokiyar zamanta wata tsohuwar kyanwa ce da ake kira Minista, saboda ba ta da aiki sai ci da barci da harara. Ɓerayen gidan sun daɗe da daina shakkarta. In sanyi ya matsa, jikinta suke zuwa jin ɗumi.

Maganar tsuntsaye da wani mataccen dutsen guga ta fara. Na maigidan da ya koya masa sana'a ne, marfinsa ya daina rufuwa, Sitati kuma ya kasa jefar da shi. Sai ya ɗaure shi da waya ya rataye a reshen gwabar da ke tsakiyar filin, baki a hangame kamar kada. Wata rana Gwaggo ta gama tsintar shinkafa, ta rasa inda za ta zuba tsakin da kajin maƙwabta ba za su same shi ba, don tana da tsohuwar gaba da su. Sai ta juye a cikin dutsen. Kafin la'asar reshen ya cika da baƙi.

Duk rayuwar Sitati, tsuntsu a wurinsa ba komai ba ne illa abin da ke ɓata masa shanya. Ran nan ya leƙo ta tagar baya da niyyar kora, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan mitsitsi da bai fi babban yatsa ba, ja wur kamar an tsoma shi a rini an tsamo, da 'yan ɗigo-ɗigo farare a gefen ƙirji, ƙanana har ka ce da bakin allura aka ɗiga su. Ya tsaya yana laluben telan da zai iya wannan aiki a cikin duk telolin da kayansu suka taɓa bi ta hannunsa, bai samu ba. Ba ɗinki, ba haɗi, ba zare ko ɗaya da ya leƙo. Ya ce a hankali, kada ya firgita shi, "Gwaggo, wa yake yi wa wannan guga?"

Daga tagarta ta ce, "Wanda ba ya sayen gawayi."

Washegari ya jawo teburin gugar daga bakin ƙofa ya kai shi gindin tagar baya. Daga nan suka raba aiki. Ita ta san tsuntsaye da murya tun ƙuruciyarta, shi kuma ya san su da sutura. Sai ya ce ga wani ya zo da shuɗin yadi mai haske, da jan tabo a kumatu kamar an shafa masa jan-baki bisa kuskure. Ita kuma ta karkata kai ta saurara, ta ce asisi ne. Ya ce ga wani da riga ruwan ƙwai, ya jawo baƙar hula har haɓa, idanu jajur kamar wanda ya kwana tuƙi. Ta ce marai ne, kuma ya lura da shi, ci gare shi. Ɗan jan nan na farko ta ce ba'u ne. Matarsa kuwa ruwan ƙasa take sawa, da ɗan ja kaɗan wajen wutsiya, Sitati ya ce ai mijin ne ya cinye yadin ya bar mata ƙyalle. Kurciya ya sa mata ido sosai kafin ya yanke hukunci: tsohuwar riga ce da ta sha wanki, amma aikin da ke wuyanta ba na ƙaramin tela ba ne.

A hankali ya gane wanda ke fara zuwa da wanda ke jira a katanga sai an watse, da mai ɗaukar ƙwaya ɗaya ya gudu kamar ɓarawo, da mai shiga cikin dutsen ya zauna kamar gadon ubansa. Ya ƙara musu gero, ya ajiye faranti na ruwa a gindin gwaba. Masu karɓar kaya suka saba da jira. Idan ka yi sallama da ƙarfi, zai ɗaga maka hannu ba tare da ya juyo ba, ko da kuwa kai ne mai unguwar.

Damina na kankama babban baƙo ya iso. Jikinsa bai fi na asisi da wani abin kirki ba, amma ƙirjinsa fari ne irin farin da Sitati ya ƙare ƙuruciyarsa yana nema da bula bai samu ba. Baya da hula baƙi wuluk kamar karan-miski, baki ja kamar garwashin da aka hura. Sai wutsiya. Dogayen gashi huɗu baƙaƙe, sun ninka jikinsa ban san sau nawa ba, suna bin sa a iska kamar zaren da ya kwance. In ya tashi daga gwaba ya sauka a katanga, sai ya huta tukuna wutsiyar take isowa ta yi sallama. Gwaggo ta ji 'yar siririyar muryarsa ta ce zalaidu ne, da damina ake ganinsa, da rani kuma tafiya yake yi, babu wanda ya san inda yake zuwa. Sitati ya ce ko ma mene ne sunansa, shi dai Ango zai kira shi.

Ango ba shi da kunya ko ta ƙwayar gero. Kullum a kan mariƙin katako na dutsen yake fara sauka, ya duba hagu ya duba dama, sannan ya bi kowa da kora, har kurciyoyin da za su iya zama a kansa su manta. A ƙafarsa ta hagu akwai farce ɗaya fari da ya ɗan karkace waje, Sitati ya lura da shi kamar yadda yake lura da maɓallin da ba ɗan'uwan sauran ba. In wata 'yar tsuntsuwa ruwan ƙasa ta sauka a reshe, sai Ango ya tashi ya tsaya cak a iska a gabanta, yana sama yana ƙasa, wutsiyar tana lanƙwasa tana miƙewa. A irin wannan lokaci gawayi kan mutu a cikin dutsen Sitati bai sani ba. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, ruwa ya yi, iska ta yi, tsuntsun nan ya ja wutsiya a taɓo, amma ya karkaɗe sau ɗaya ta koma sumul. Shi da ya ƙarar da ƙarfinsa yana yaƙi da yamutsewar tufafi, ga wanda bai san yamutsewa ba.

Da damina ta ja baya, Ango ya ɗauke ƙafa. Sitati ya yi ta leƙe, shiru. Gwaggo ta ce ai ta gaya masa, tafiya yake yi. Har ya fara haƙura, sai wata safiya ya fita kwashe shanya, ya tarar da Minista kwance a gindin gwaba, ta danne dogon baƙin gashi da hannu, wani kuma yana maƙale a gashin bakinta. Ya duba gindin katanga ya tsinci sauran biyun.

Bai taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba sai ranar. Ta ce masa haƙoran da suka rage wa Minista ba su kai nata ba, kyanwar da ƙadangare ke tsallake ta ya wuce, ina ta ga ƙarfin kama mai fiffike. Ya ce shi da idonsa ya gani, ga gashi a hannunsa, kuma tsuntsu ba ya tafiya ya bar wutsiyarsa a baya. Magana ta yi tsawo, matarsa tana ba da haƙuri babu mai jin ta. Daga ƙarshe ya ce, "Gwaggo, gidan nan ya yi mana kaɗan. Ko dai kyanwar nan ta bar shi, ko kuwa..."

Bai ƙarasa ba. Gwaggo ta juyo da fuskarta wajen muryarsa ta ce, "Ko kuwa ni. Ƙarasa mana, ɗan nan."

Da ya buɗe baki ya ce ko da a'a ne, da magana ta mutu a nan. Amma ya tsaya ƙiƙam kamar sunansa, da gashin tsuntsu a hannu. Shirun nan shi ya kore ta. Kafin rana ta faɗi mijin Auta, wato 'yarta ta ƙarshe, ya zo da mota, aka sa akwati a baya, Minista a cikin kwando a kan cinyarta.

Auta a can ƙarshen gari take, a hawa na sama na wani dogon bene, ba fili, ba bishiya, taga tana kallon bangon wani benen. Tun da aka hau da Gwaggo ba ta sake saukowa ba, gwiwoyi sun ƙi. Sitati ya riƙa aika matarsa da gaisuwa, Gwaggo tana amsa ta matar ta bar tasa. Ya je da kansa sau ɗaya, ta juya wa bango fuska ta tambayi Auta ko an zo kama mai kisan kai ne. Dangi suka shiga suka fita, a banza, don taurin kan jini ɗaya ne. Shi ya ce zai ɗauko Gwaggo a kansa in ta yarda, amma ba zai ce kyanwa ba ta ci tsuntsu ba, don ba ya ƙarya. Ita ta ce ba za ta koma gidan da ake kiran abokiyar zamanta makashiya ba. Ana cikin haka labari ya zo cewa an yi wa mijin Auta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisan gaske, kuma da faɗuwar ruwan farko za su tashi, har da Gwaggo. Kowa ya san irin wannan tafiya, mai shekarunta sau ɗaya yake yin ta.

Sitati ya koma bakin aikinsa. Ya wanke gashin nan huɗu, ya shimfiɗa su ƙarƙashin ƙyalle, ya bi su da dutse mai sanyi-sanyi duk da ba su buƙata, ya kafe su a bango saman teburinsa. Bai daina zuba tsaki ba, amma yanzu in ya ce ga wani ya zo da kaza da kaza, ba mai amsa masa daga ɗaya tagar.

A cikin wannan rani ne wani ɗan tsuntsu ya addabe shi. Ruwan ƙasa ne mai zane-zane, kamar rigar da ta koɗe a kasuwar gwanjo aka rasa mai saye, da guntuwar wutsiya da baki ja-ja wanda shi ma ya koɗe. Ba sutura, sai faɗin rai. Inda ya fi ƙona wa Sitati rai, a kan mariƙin katako yake sauka, wurin marigayi Ango, ya duba hagu ya duba dama, har ya ce zai kori kurciya. Sitati ya sa masa Ɗan Gwanjo. Ba Gwaggo balle a tambayi ainihin sunansa, shi kuma tsuntsun bai cika magana ba. Duk lokacin da ya sauka, sai Sitati ya tsoma yatsu a kwanon yayyafi ya watsa masa ruwa ta taga, yana cewa kujerar manya ba ta 'yan tsumma ba ce. Ɗan Gwanjo ya tashi, ya karkaɗe, ya dawo. Haka suka ci ranin nan kaf, kamar maƙwabtan da suka gaji gaba.

Hadari ya fara haɗuwa, zafi ya kai inda ya kai. Wata safiya Sitati ya ɗaga hannu zai watsa ruwa, sai ya hangi baƙin tabo a kan Ɗan Gwanjo. Hannun ya tsaya a sama. In akwai abin da ya sani a duniya bayan kari, to tabo ne. Ya san na mai, ya san na tawada, ya san na tsatsa da na miya, kuma kowanne daga waje yake zuwa ya ɓata riga. Wannan kuwa gefensa a tsare yake, kamar an shata shi da alli kafin a yanka. Ya sauke hannu ya bar shi ya ci.

Kwanakin da suka biyo, tabon ya yi ta faɗi yana sauka wajen ido. Kafaɗu suka fara duhu. Ƙirji ya fara washewa kamar ana wanke shi daga ciki. Bakin nan da ya koɗe ya soma ja. A ƙarshen guntuwar wutsiya kuma wasu 'yan tsinke baƙaƙe suka leƙo, yau kamar kan allura, jibi kamar ashana. Sitati ya rasa ci ya rasa sukuni. Bai taɓa ganin rigar da ke ɗinka kanta a jikin mai ita ba.

Ran da aka kwana da ruwan farko, gari ya waye fes, tsuntsun ya sauka a mariƙi ya juya masa gefen hagu. Rana ta haska ƙafar. Ga farce ɗaya fari, ya ɗan karkace waje.

Sitati ya dubi bango inda gashin nan huɗu suke. Ya dubi tsuntsu. Ya sake duban bango. Bakinsa yana ta tasbihi bai san yana yi ba. Ashe Ango bai mutu ba, bai kuma yi tafiya ba. Tuɓe kayan biki ya yi ya zubar a gindin gwaba, Minista ta tsinci abin wasa. Ashe duk ranin nan wanda yake makoki a kansa shi yake watsa wa ruwa kowace safiya. Ƙauri ne ya dawo da shi hayyacinsa. Ya ɗaga dutse, ga hotonsa baƙi ƙirin a bayan farar rigar wani shugaban makaranta, har da 'yan ramukan iska. Ita ce riga ta farko da ya ƙona tun da ya fara riƙe dutse, kuma ko kallo na biyu bai yi mata ba. Ya zubar da garwashi, ya ja ƙofar shago tun da hantsi, abin da ko ranar sunan 'ya'yansa bai yi ba.

Ya tarar da gidan Auta a hargitse, an naɗe katifu, an ɗaure kwalaye, babbar mota za ta zo da safe. Gwaggo tana zaune a tsakiyar kayan kamar ita ma an ɗaure ta, ta rame, Minista a cinyarta. Ya gaishe ta, ta kau da kai. Sai mutumin nan da bai taɓa lanƙwasa ba ya durƙusa har ƙasa, karin wandonsa ya karye, ya fuskanci kyanwa.

"Minista, na ɗora miki jinin da ba ki zubar ba. Ki yafe ni."

Minista ta buɗe ido ɗaya, ta yi hamma, ta rufe.

Gwaggo ta ce, "Ta ce sai ta yi shawara."

Nan ya kwashe labari ya gaya wa Gwaggo, tun daga tabo har farce. Ta ce da can kyanwa ya yi wa ƙazafi, yanzu kuma ya koma kan tsuntsu. Ita tun tana yarinya ta san zalaidu tafiya yake yi da rani, ba ta taɓa jin ya zauna a gari cikin tsumma ba. Ya ce ta zo ta gani, in ƙarya ne shi da kansa zai loda mata akwati a mota gobe. Ta ce ko tana so, matakalar nan ta fi ƙarfinta. Sai ya juya mata baya ya tsuguna.

"Hau, Gwaggo. Ai kin san yadda ake yi, a wurinki na koya."

Ta daɗe tana duban bayan nan da idon da ba ya gani sosai. Sannan ta miƙa wa Auta kyanwa, ta ce Minista ba za ta taka gidan ba sai an wanke ta tas daga zargi, ta kama kafaɗunsa. Da ya miƙe, sai ya ji ba ta kai nauyin ƙullin jiƙaƙƙen wanki ba. Suna sauka tana ce masa ya bi a hankali, ita ba ta taɓa yar da shi ba, ko da yake ta sha yin niyya.

Aka ajiye mata kujera a inuwar ɗakinta na da. Sitati ya cika dutsen da gero har yana zuba. Ba'u ya zo da matarsa, Gwaggo ta ambace shi tun kafin ya sauka. Asisi ya zo, marai ya zo da cinsa, kurciyoyi suka jeru a katanga. Kowanne ta ji sai fuskarta ta ɗan saki, amma ta ƙi yarda a gani. Wanda ake jira kuwa ko inuwarsa. Rana ta karkata. Mijin Auta ya yi waya yana tambaya ko a zo a ɗauke ta, akwai sauran ɗauri. Sitati yana tsaye gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, yana tuna kowane ɗigon ruwa da ya watsa wa tsuntsun nan, yana cewa a ransa in yau ya rama bai yi laifi ba. Gwaggo ta fara laluben takalminta da ƙafa.

Sai ta tsaya. Ta ɗaga yatsa ɗaya, ta karkata kai wajen katanga. Babu wanda ya ji komai sai ita.

"Ga shi nan," in ji ta.

Ya sauko kan mariƙin katako, ya duba hagu ya duba dama, ya fatattaki kurciya. Sitati ya sunkuya wajen kunnenta ya fara ba ta labarin suturar tsuntsun kamar yadda suka saba. Baƙar hula ta zauna daram. Ƙirji ya yi fari. Amma a kafaɗa da gadon baya da sauran zane-zanen gwanjo, rabi ango rabi ɗan tsumma, kamar wanda aka kira ɗaurin aure yana tsakar sa kaya. Wutsiya ta kai tsawon yatsa. Ya ciro ɗaya daga tsofaffin gashin ya sa mata a tafin hannu, ya ce wannan tsawon wutsiyar take nufa.

Gwaggo tana shafa gashin, sai wata 'yar ruwan ƙasa ta sauka a reshen da ya fi kusa da kujerarta. Ango bai damu da cewa tela bai gama ba. Ya tashi ya tsaya cak a iska, tsakanin Gwaggo da hasken yamma, yana sama yana ƙasa, 'yar sabuwar wutsiyar tana rawa, fari da baƙi suna walƙiya kusa da ita har raunin idonta bai hana ta gani ba. Filin ya yi tsit. Ko kajin maƙwabta sun yi shiru. Leɓunanta suna motsi, hawaye yana bin tamojin fuskarta bai tambayi izini ba.

Da tsuntsun ya sauka, ta ce tun tana 'yar ƙarama take jin muryar nan, ta tsufa tana cewa tafiya yake yi, ashe yana nan a gabansu yana cin tsaki, ba wanda ya kula shi don ya tuɓe. Ta ce ikon Allah ya fi gaban a zauna a ce an gama sani. Sannan ta share ido da gefen mayafi, ta dawo Gwaggonta.

"Kai kuma, ni da na san ka tun ba ka da wando, da da riga nake gane ka, da tuni na ɓatar da kai a kasuwa." Ta buga masa gashin a goshi. "Gaya wa mijin Auta ya kwance akwatina daga cikin kayansu. Amma kwandon Minista za a fara kawowa."

Babbar mota ta tashi da safe ba Gwaggo. Shugaban makaranta ya zo karɓar riga ya tarar da hoton dutse, Sitati ya ba shi haƙuri ya ɗinka masa wata, ya kuma riƙe shi a taga har sai da ya ga rawar Ango, mutumin ya makara zuwa aiki. Minista ta samu sabon wurin barci a kan kayan da aka gama gogewa, inda ɗumi yake, kuma Sitati sai dai ya kakkaɓe gashi ya ci gaba da aiki. Fuskar surukinsa har yau bai riƙe ta ba, amma ya samo dabara: in mutum ya shigo da sabbin kaya, ƙafafunsa yake fara dubawa.

Da damina ta sake ja baya, gashin suka zube ɗaya bayan ɗaya a gindin gwaba. Sitati ya tsince su, ya kafe uku a bango, ya kai wa Minista ɗaya har inda take kwance. Washegari wani ɗan ruwan ƙasa mai guntuwar wutsiya ya sauka a kan mariƙin katako. Sitati ya janye kwanon yayyafi daga bakin taga, ya ɗan rusuna, ya ce, "Ango, an tashi lafiya?"